Kayan Sallar Marayu: Yadda Muke Tafiyar Da Aikin Daga Rajab Zuwa Jajiberi

Wanda ya tashi shirin kayan sallar marayu a goman tsakiya na azumi ya riga ya makara. Kuɗi zai samu, don a lokacin ne hannun jama'a ya fi sakuwa, amma tela ba zai samu ba. Duk telan kirki a Kano yakan rufe karɓar ɗinki kafin azumi ya raba, wanda kuwa ya karɓa bayan nan, ranar jajiberi za ka tarar da yadinka a ƙunshe ƙarƙashin tebur, ko almakashi ba a sa masa ba. Shi ya sa a kwamitinmu na unguwa zaman farko a Rajab ake yin sa, kuma daga ranar sallah muke ƙirgo kwanaki da baya. Kullum muna ɗauka azumi 29 za a yi. In Sarkin Musulmi ya ce ba a ga wata ba aka cika 30, kwana ɗayan nan riba ce.

Aikin farko shi ne sunaye, kuma shi ya fi cin rai. Ba ma sanarwa a masallaci cewa duk mai maraya ya zo ya rubuta suna. Wanda ya yi haka, kafin la'asar zai cika littafi da mutanen unguwanni uku, su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu suna gida, kunya ta hana su fitowa. Ta hanyoyi huɗu muke tattara sunaye: mai unguwa, limaman masallatan khamsu salawati, malaman Islamiyya, da dattijan mata irin su ungozoma da masu wankan gawa. Malamar Islamiyya ta san yaron da ya daina zuwa saboda kuɗin wata. Ungozoma ta san gidan da aka haihu bayan rasuwar maigida. Idan suna ya fito daga hanya biyu, ya shiga. Idan daga hanya ɗaya ne, sai an je an gani.

Zuwan nan mata ne ke yin sa, su biyu biyu, saboda yawancin gidajen ba a shiga. Ba sa zuwa da littafi a hannu. Sallama za a yi, a gaisa, a yi addu'a ga mamaci, sannan babbar cikinsu ta ce: "Maman Sadiya, ƙungiyar unguwa ce take son ta ɗan yi wa yara ɗinkin sallah, shi ne muka ce bari mu zo mu ji ko kin amince." Akwai wadda za ta ce, "Hajiya, na gode, amma kawunsu ya riga ya yi musu, ku duba gidan baya." Irin waɗannan ne ke nuna mana gidajen da kowa ya manta. Sai an fito waje ake rubutu.

Abin da ake dubawa a gidan ya wuce tambayar "akwai maraya?". Maraya a shari'a shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai balaga ba, amma ba kowane maraya ne mabuƙaci ba, kuma akwai yaran da ubansu na da rai, yana kwance shekara biyu, ko yana gidan yari, ko ya tafi ci-rani ba amo ba labari. Waɗannan duk muna sa su. Wani abin kuma da sabon shiga ba ya lura da shi: maraya da ke riƙo a gidan baffansa, baffan kuwa nasa 'ya'yan ba su da kayan sallah. In ka ɗinka wa marayan shi kaɗai, ɗayan biyu ne, ko a cire kayan a sa wa ɗan gida, ko yaron ya sha harara har sallah ta wuce. Don haka gida muke ƙirgawa. In gidan ya shiga, duk yaran da ke ci a tukunya ɗaya, daga shekara 2 zuwa 15, sun shiga. Gara mu ɗauki gida 40 mu gama da su da mu ɗauki 100 mu bar rigima a kowanne.

Kowane gida lamba ake ba shi, kowane yaro kuma lamba ƙarƙashin ta gidansu: 17/1, 17/2, 17/3. Dalili kuwa, a cikin yara 100 za ka samu Aisha goma sha, Muhammad da Abubakar ba a magana. Lambar ce ke bin yadi zuwa wurin tela, ita ce ke kan leda ranar rabo. Sunaye suna littafi ɗaya tak, a hannun sakatare, ba a sa su a WhatsApp.

Gwaji a farkon Sha'aban ake yi. Mukan ara aji biyu a Islamiyya ranar Alhamis ko Juma'a da ba karatu, maza ɗaki ɗaya mata ɗaki ɗaya, gida goma goma, a sa'o'i daban-daban don kada a taru. Namiji ana ɗaukar tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, sai tsawon wando da ƙugu. Mace ana ɗaukar tsawon riga, ƙirji, ƙugu, tsawon siket ko zani, da tsawon hijabi daga goshi zuwa inda uwar take so ya tsaya. Ana zagaya kan yaro da tef a saman kunne don hula. Yara galibi daga inci 19 zuwa 21 da rabi suke. Ƙafa kuwa kada ka yarda da lambar da uwa ta faɗa, yawanci lambar bara ce. Yaro ya taka farar takarda a tsaye, a zagaye ƙafar da biro, a rubuta lambarsa a tsakiya. Tsinken tsintsiya da iyayenmu ke kai wa kasuwa yana aiki, sai dai tsinke 100 a leda ɗaya karyewa suke, su kuma cakuɗe. A kowane tsawo muna ƙara inci biyu, a takalmi a ƙara lamba ɗaya, saboda tsakanin ƙaramar sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, kuma ga yawancin yaran nan kayan da aka ɗinka yanzu su ne na babbar sallar.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo amma ba ta son sakaci. Asusu ɗaya, sa hannun mutum biyu, ba a karɓar gudunmawa a asusun kowa na kansa. Duk wanda ya ba da kuɗi a hannu rasit ake ba shi nan take, ko na naira 500 ne. Hoton alat ba kuɗi ba ne. Sai ma'aji ya ga sun shiga ake rubutawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tambayi mai bayarwa: zakka ce ko sadaka? Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma maraici kaɗai ba ya cikinsu, sai in marayan faƙiri ne ko miskini. Mu dai abin da malamanmu suka ɗora mu a kai, kuɗin zakka shafinsa daban, ga mabuƙatan ake miƙa shi, ba a biyan kuɗin mota ko leda ko ruwan 'yan kwamiti daga ciki.

Ba zan kawo farashi ba, don tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin wata ɗaya ba ya kaiwa wata na gaba. Kason da muke bi ya fi amfani: a cikin kowace naira 100 ta tufafi, kusan 45 yadi ke ci, 25 ɗinki, 15 takalmi da hula da hijabi, 5 mota da leda da dako, 10 kuma a ajiye ba a taɓawa sai goman ƙarshe. Naira goman nan ita ke ceton mu kowace shekara.

Sayayya kafin tsakiyar Sha'aban, a Kantin Kwari. Ga lissafin da muke yi da shi. Yaro namiji mai shekara 3 zuwa 5, yadi ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe shi riga da wando. Mai 6 zuwa 10, biyu da rabi. Mai 11 zuwa 15, uku zuwa uku da rabi, dogo ma har huɗu. Faɗin yadin yana canja lissafi, don mai faɗin inci 60 ya fi auki a kan mai ƙaramin faɗi, saboda haka a tafi da tela ɗaya kasuwa. Turmin atamfa yadi shida ne: yana yi wa ƙananan yara mata uku, ko 'yan shekara 8 zuwa 12 su biyu, budurwa kuwa a ba ta yadi huɗu zuwa turmi guda in har da ɗankwali. Idan yara 100 ne, rabi maza rabi mata, ka tanadi yadin maza kusan 140 da turmi 28, an haɗa da rarar kuskure.

A shago, abu uku muke yi kafin a biya. A buɗe turmi biyu ko uku daga tsakiyar dila a auna, yadi inci 36 ne, kuma akwai turmin da ba ya cika shida. A jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen atamfar. In ya ɗauko launi, zuba za ta yi a wankin farko. Shadda kuma a murza gefenta tsakanin yatsu a ɗaga ta ga haske, saboda sitaci na rufe sharar-sharar yadi, sai an wanke ka ga kamar gidan sauro. Ga yara, yadi mai ƙarfi marar ƙyalli ya fi shadda mai araha daɗewa nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne muni a nan shi ne sayen launi ɗaya. Dila guda mai zane ɗaya ta fi sauƙi, mai shago ma zai yi maka ragi, kuma abin zai yi kyau a hoto. Amma ranar idi yara 50 za su fito da kaya iri ɗaya, kafin a sauko unguwa ta raɗa masa suna, ankon marayu. Yaro mai shekara 12 ya san abin da hakan ke nufi, kuma akwai wanda zai cire kayan ya mayar da tsofaffinsa. Ba ma bari zane ɗaya ya wuce yara uku ko huɗu, su ma ba a layi ɗaya ba. 'Yan gida ɗaya kam ana iya yi musu iri ɗaya, don haka kowa ke yi wa 'ya'yansa.

Takalmi Kasuwar Wambai muke zuwa, da takardun ƙafa a hannu, kuma tun kafin a biya ake ƙulla sharaɗi da mai shago cewa zai canja wanda bai yi ba har zuwa 27 ga azumi. A duba kowane ƙafa biyu kafin a sa a buhu, don a sarin dozin akan samu hagu biyu, ko lamba 30 haɗe da 31. Hijabi ya fi sauƙi a sayi yadinsa a ba mata masu ɗinki a gida. Iyaye mata kuma, in kuɗi ya kai, turmi ɗaiɗai ba ɗinki, da kuɗin ɗinkin a ambulan. Wadda take takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta ado, to a zaɓa mata mai duhun launi, ko a gaya mata ta ajiye sai ta fita.

Yanzu teloli, inda aikin ke tsayawa ko ya faɗi. Ba ma ba wa tela ɗaya fiye da kaya 15, ko da ya rantse zai iya 50. Zai iya ɗin, in namu kaɗai yake yi, in kuma wuta ba ta ɗauke ba, in yaron shagonsa bai gudu ba. Amma yana da kwastomomin da suke biyansa ninki biyu, kuma su zai fara sallama. Yara 100, teloli bakwai ke nan. Muna fifita masu keken ƙafa a kan wanda komai nasa sai da wuta ko janareta, muna kuma fifita zawarawa da matan marigayan da suka iya ɗinki, don kuɗin ya sake komawa gidajen da ake nufi. Ɗinki sassauƙa: riga da wando, aljihu biyu, ɗan aiki kaɗan a wuya in da hali. Aiki mai yawa yana nufin a kai wa mai keken aiki, shi ma da nasa layin, nan ne kaya ke kwana biyu su zama mako biyu.

Kowane yadi ana yanka shi tun a wurinmu, a naɗe da takardar gwaji, a rubuta lambar da alli a bayan yadin, a kuma maƙala ta da fil. Takarda kaɗai faɗuwa take. Rabin kuɗi ake bayarwa, sauran sai an kawo. Ranar da muke faɗa wa tela 10 ga azumi ce, ranar da muke da ita a zuci 18. Mutum ɗaya daga kwamiti ana ɗora masa teloli biyu, yana leƙawa duk bayan kwana uku, ba ya tambayar "yaya aiki?", ƙirga waɗanda aka gama yake ya kwaso su. In ranar 12 ta yi tela bai taɓa rabin nasa ba, a karɓe yadin a raba wa sauran, ba faɗa ba gaba. Wanda ya ji kunyar karɓewa a ranar 12, zai karɓi yadi ba ɗinki a ranar 29.

Akwai masu kawo tsofaffin kaya. Muna karɓa, amma ba a kayan sallah suke shiga ba. Ana ware masu kyau a wanke a goge, a raba su daban a matsayin na zaman gida. Yagaggu da koɗaɗɗu muna mayar wa mai su cikin ladabi. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta riga ta hana mutum ya nufi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai bayar.

Haɗa kaya dare biyu yake ci, bayan tarawihi. A shimfiɗa tabarmi, a jera ledoji bisa lamba, mutum ɗaya na karantawa daga littafi, biyu na sakawa, na huɗu na dubawa kafin a ɗaure. A zura hannu a kowane wando a tabbatar an sa mazagi ko roba, a duba maɓalli da zif. Ledar baƙa ce ko jakar da ba a ganin ciki, ba tambari, ba sunan ƙungiya. Kusan duk shekara akan samu mai neman kujera da zai ce zai biya rabin kuɗin in za a buga hotonsa a jikin jakar. Amsarmu ɗaya ce: in don Allah ne ga lambar asusu.

Rabo tsakanin 21 da 24 ga azumi, don a samu kwanakin gyara. Kuma ba ma tara mutane. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A azumin 2024 mata sun rasu a turmutsitsi wurin rabon zakka a Bauchi, sannan a Disambar shekarar, cikin mako guda, sama da mutum 60 suka mutu a wuraren rabon abinci da kyauta a Ibadan da Okija da Abuja, 35 daga ciki yara ne a Ibadan. Duk inda aka sanar da rabo a fili, waɗanda za su zo sun ninka kayan, ƙofa kuma ɗaya ce. Mu gida-gida muke kaiwa, a adaidaita sahu, mata biyu da namiji ɗaya da zai tsaya a waje da kayan, bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da isha lokacin da kowa ke cikin gida. Tawaga huɗu, gida goma kowacce, kwana biyu an gama.

A cikin gida, a sa yaro ya gwada nan take. Wando ya yi tsawo, a kama da fil a rubuta. Takalmi ya matse, a dawo da shi da takardar ƙafar. Cikin kaya 100, ka sa ran takwas zuwa goma za su dawo gyara, shi ya sa tun farko ake ajiye tela ɗaya da ba a ba shi kaso ba, aikinsa gyara kawai. Uwa ta sa hannu ko ta dangwala a littafi. Ba a ɗaukar hoton fuskar yaro ko ta uwarsa. Masu bayarwa suna da haƙƙin su ga inda kuɗinsu ya tafi, sai a nuna musu hoton kayan a jere kafin a ɗaure, da rasit, kuma duk mai so ya zo ya duba littafin kuɗi. Aya ta 264 a Baƙara ta yi gargaɗi kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, hoton marainiya riƙe da leda yana yawo a Facebook kuwa, ita ce za ta girma ta tarar da shi.

'Yan mata akwai abin da maza ke mantawa: kitso da lalle. Ɗan kuɗi kaɗan ne, a sa a ambulan a ba uwar, ko a yi magana da mai kitso ɗaya a unguwa a biya ta gaba ɗaya.

Abinci daga baya yake zuwa, 26 zuwa 28, don in an kai da wuri a sahur da buɗa-baki zai ƙare, kuma ba laifinsu ba ne. Na gida 40: shinkafa kilo biyar biyar, buhu huɗu ke nan masu kilo 50, taliya biyu biyu, katan huɗu masu guda 20, man gyaɗa gora ɗaiɗai mai santilita 75, wato lita 30, jarka ɗaya mai lita 25 ba za ta isa ba, sai magi, gishiri, tumatirin leda, da kuɗin cefane. A auna da sikeli, kwano yana bambanta daga hannu zuwa hannu, in an bi shi gidajen ƙarshe ne ke tashi da rabi. Kayan masarufi a Kasuwar Singa, hatsi a Dawanau. Ɗanyen nama ba ma rabawa sai in ranar jajiberi aka yanka, don gidajen ba firji. Kaza mai rai ta fi, ko kuɗinta.

Zakkar fidda kai kuma ita ma buhunta daban. Sa'i ɗaya ne kan kowane mutum, mudun Annabi huɗu, daga abincin da garin ya fi ci, ana iya fitarwa kwana ɗaya ko biyu kafin sallah, kuma dole ta isa hannun mai ita kafin a tafi idi. Matsalar ita ce mutane sukan kawo ta da daddare ranar jajiberi, wasu ma da asuba. Saboda haka muna rufe karɓa da sallar isha, a bar samari shida da baro biyu da jerin gidajen da suka fi kusa. Wanda ya zo bayan nan, a nuna masa gida ya kai da kansa.

Rana ta huɗu bayan sallah kwamiti ke zama, tun abin bai huce ba. Ma'aji ya karanta shiga da fita, a liƙa kwafi a allon masallaci. A biya teloli cikon kuɗinsu, a rubuta wanda ya cika alkawari da wanda ba za a koma wurinsa ba. Ragowar yadi a auna a rubuta. A littafin sunaye kuma a yi wa kowane gida alama: wanda ya tashi daga unguwa, wadda ta yi aure, yaron da ya wuce 15, da sababbin gidajen da aka yi rasuwa cikin azumi, don su ne farkon waɗanda za a kai wa naman layya.